Wa Ya Mallaki Gawo? Baturen Mishan, Manoman Maraɗi da Tarihin Sassabin Zamani

Bara da kaka, bayan an yi addu'ar arba'in ta mahaifinmu, Allah shi gafarta mashi, muka taru a ƙofar gida don rabon gado. Malamin da aka kira ya sa aka auna gonar da igiya, ya shiga lissafinsa. Yana cikin haka sai babbar yayarmu, wadda ba ta cika magana a gaban maza ba, ta ɗaga murya daga bayan zana ta ce, "Allah shi gafarta Malam, iccen fa? Ai wanda ya samu gefen gabas ya kwashe gawo duka." Aka yi tsit. Sai aka tashi yara biyu suka je suka ƙirgo: gawo goma sha tara, aduwa shida, magarya huɗu, ban da kalgo da sabara da ba wanda ya tsaya ƙirgawa. Rabon da aka zaci za a gama kafin la'asar sai da ya ci mana kwana uku.

Ni kuwa abin dariya ya so ba ni, don na san gonar nan lokacin da ba ta da inuwar da akuya za ta fake. An haife ni a 1974 a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi, kuma abin da na tashi na gani shi ne fili fetal. In ka hau tudu sai ka hango garin da ke gaba, ba abin da ya tare maka ido. Ƴaƴana ba su yarda in na faɗa masu haka. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi icce ya tafi da yadda ya dawo, da kuma labarin wani Bature ɗan mishan da sunansa ya manne wa wannan tarihi, wani lokaci ma fiye da yadda ya kamata.

Ba fari kaɗai ya cinye dajinmu ba. Tun zamanin Faransawa aka tura manoman Maraɗi noman gyaɗa, don da kuɗinta ake biyan haraji. Gyaɗa na son fili, aka yi ta sassabe ana ƙara gonaki. Da garmar shanu ta zo, masu ba da shawarar noma suka ce a tumɓuke kututture don kada ya tare garma. A hankali sai ya zama manomin kirki shi ne mai gona tas, wanda kuma ya bar toho a gonarsa a ce raggo ne. Kowace shekara kafin damina Baba kan bi gona da gatari ya sare duk abin da ya toho, ya tara ya sa wuta. Haka ya ga an yi, haka kowa ke yi.

Sai kuma doka. A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka na yammacin Afirka, kuma bayan samun ƴancin kai dokar daji ta 1974 ta bi sawunta. Akwai jerin itatuwa, gawo na ciki, da ba ka da ikon sarewa ko rage masu rassa sai da takardar izini, ko da a tsakiyar gonar kakanka suke. Niyyar dokar tsare icce ne, amma a ƙauye akasin haka ta haifar. Ina da shekara takwas wani ma'aikaci mai kaki ya tarar da Baba ya datse reshen gawo guda da ya rage mana, don tumaki su samu abin ci. Ya karɓe gatarin, ya ci shi tarar jika biyu. Sai da aka sayar da tunkiya. Da dare na ji Baba yana ce ma Inna, "Wanga icce ba nawa ba ne, na gwamnati ne, sai dai shi jawo mini tsiya." Tun daga ranar, duk ɗan gawon da ya tsiro a gonarmu ba ya kai wata guda. In ya mutu yana ƙarami ba mai tambaya. In ya girma ne yake zama shari'a.

Wahalar kuwa a kan mata ta fi sauka. Inna da yayarmu kan fita da sassafe neman iccen wuta, ba su dawowa sai rana ta take. In ba a samu ba, a dafa tuwo da kara ko kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona shi ake ƙonawa. Da farkon damina kuma iska ta taso da rairayi ta yanke shukar hatsi ko ta binne ta. Akwai shekarar da muka yi shuka sau uku.

Ba a ce gwamnati ta yi barci ba. Bayan yunwar 1973 da 1974, Seyni Kunce ya mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa tun daga 1975. An kafa gandun rainon dashe, an yi dazuzzukan gari, an kawo dogon yaro da turare. A kwarin Majiya ta ƙasar Tawa layukan dogon yaro da aka dasa don tare iska sun kama, har yau suna nan. Amma a mafi yawan wurare dashen mutuwa yake yi. Mu ƴan lakwal mun sha jera dashe ana kiɗa ana tafi, kafin rani ya raba awaki da gara da ƙishirwa sun gama da shi. Iccen kowa ne, don haka ba wanda zai ɗauko tulu ya ba shi ruwa.

Cikin wannan hali Tony Rinaudo ya iso Maraɗi a 1981, shi da matarsa Liz. Ɗan ƙasar Ostareliya ne, an haife shi a 1957, ya tashi a wani gari na manoma a jihar Victoria, ya kuma karanci aikin gona. Yana yawan faɗin cewa tun yana yaro abin da ya dame shi shi ne ganin ana ture dajin garinsu da manyan injuna, da ganin kifi na mutuwa a kogi saboda maganin feshi. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta kawo shi. Wannan ƙungiya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu: ta sauka Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kuma yi wurin jinyar kutare a Danja. Kada mu yi wa juna ɓoye-ɓoye, wa'azin addinin Kirista ya kawo su, ba icce ba. Shi ma Tony bai taɓa ɓoye cewa imaninsa ne ya taso shi daga ƙasarsu ba.

Shekarunsa na farko bai tsinana wani abu ba. Ya yi abin da kowa ke yi, ya raini dashe, ya kai ƙauyuka, dashe ya mutu. Manoma ma ba su so, don mai jin yunwa ba ya ba da gefen gonarsa ga iccen da sai bayan shekara goma zai amfane shi. Labarin abin da ya faru a 1983 shi da kansa ya sha bayar da shi. Yana tafe da mota ɗauke da dashe, ya tsaya ya rage iskar taya don kada rairayi ya riƙe shi. Ya dubi fili ko'ina ƙaƙas, ya ga ko da kuɗin duniya aka ba shi ba zai iya dashe wannan ƙasa ba. Ya ce a nan ya roƙi Allah ya gafarta wa ƴan Adam ɓarnar da suka yi wa halittarsa, ya kuma buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda ya wuce sau dubu. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, icce ne da aka sare yake ƙoƙarin tashi. Saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta kai inda danshi yake. Kuma irinsa miliyoyi ne a gonaki. Shi ya sa daga baya ya riƙa cewa akwai daji a ƙarƙashin ƙasa.

Duk manomin ƙasarmu ya san kututture na toho, ai shi ya sa muke sare shi kowace shekara. Sabon abu shi ne a ce wannan tohon dukiya ne. Dabarar ba ta da wuya: ka zaɓi kututture, ka bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ka cire sauran, ka share ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi kana yankawa sama don kada ɓawo ya yage. Tun da saiwar tsohuwa ce, cikin shekara biyu ko uku sai ka ga icce ya fi mutum tsawo. Ba ban ruwa, ba sayen dashe, ba shinge na waya. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani.

Da farko mutane ƙalilan suka yarda suka gwada, kuma sun sha dariya. Wasu ma da dare aka je aka sare masu tohon. Abin da ya juya al'amarin shi ne yunwar 1984, wadda mu nan muke kira El Buhari, don ta zo daidai lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hanyar da muka saba bi in abinci ya yanke. A watan Mayun shekarar aka yi babban taro a Maraɗi kan gurgusowar hamada, rediyo ya yi ta magana a kai. Da damina ta gaza, aikin raya karkara na mishan ya shiga rabon hatsi a ƙauyuka kusan ɗari, da sharaɗin duk wanda zai karɓa ya bar itatuwa kimanin arba'in a kowace hekta ta gonarsa.

Garinmu na ciki. Ina da shekara goma, kuma na tuna gardamar da aka yi a ƙofar mai gari. Wasu suka ce hatsin mishan tarko ne, yau a ba ka tiya gobe a ce ka bar salla. Wasu suka ce in itatuwan sun girma Bature zai dawo ya ce gonar tasa ce. Limaminmu, tsoho mai sanyin magana, ya bari kowa ya gama sannan ya ce, hatsi halal ne ko daga hannun wa ya fito, kuma shi a iya karatunsa raya icce sadaka ce mai gudana, duk tsuntsu ko dabbar da ta ci mai shi na da lada. Ya ce in an zo da maganar barin salla, ranar sai a sake zama. Ba a taɓa sake zaman ba, don ba wanda ya zo da maganar. Ma'aikacin da ke zuwa duba gonakinmu Bahaushe ne, Kirista, in lokacin azahar ya yi sai ya zauna a gindin bango ya jira a idar.

To amma kada in yi wa mutanenmu kwalliya. Da rabon hatsi ya ƙare, mafi yawan manoma suka koma suka sare abin da suka bari. Tony da kansa ya faɗi haka. Baba na cikinsu. Ya ɗauki gatari ya share gonar tas, sai wani ɗan gefe na gabas da Inna ke shuka kuɓewa da yakuwa. Nan ta tsaya ta ce, "Malam, wagga kusurwa dai ka bar mini ita, na gaji da tafiya daji." Ya bar mata, ba don ya yarda ba, don dai a zauna lafiya. Bayan damina biyu sai ga bambanci ƙiri-ƙiri. Iska ba ta yanke shuka a wurin ba, ganye ya zuba ya rufe ƙasa, dabbobi sun kwana a inuwa sun bar taki. Gawo kuwa, kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma ya ba dabbobi ƴaƴa. Zangarniyar gindinsa ta fi ta ko'ina. Baba bai taɓa cewa Inna ta yi gaskiya ba. Shekara ta uku dai muka ga ya daina sa wuta. Gefen gabas ɗin nan shi ne wanda yayarmu ta tayar da maganarsa ranar rabon gado.

A ganina babban aikin da Tony ya yi ba na wuƙa da gatari ba ne. Ya gane cewa muddin manomi na tsoron tara, ba zai raini icce ba. Shi da abokan aikinsa suka yi ta zirga-zirga wurin hukumomin daji na Maraɗi har aka sassauta, aka yarda wanda ya raini icce a gonarsa ya amfana da shi. Wannan magana ce ta haƙƙi, ko da a lokacin ba a kira ta da wannan suna ba: talaka ya ci guminsa ba tare da ya durƙusa wa mai kaki ba. Sai kuma lokaci ya taimaka. Daga ƙarshen shekarun 1980, kuɗin yuraniyom ya faɗi, hannun gwamnati ya yi sanyi a karkara, masu tsaron daji suka rage yawo. Manomi ya fara ɗaukar iccen gonarsa nasa ne tun kafin doka ta ce haka. Doka daga baya ta biyo: tsarin dokar karkara a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sai a watan Yulin 2020 aka fitar da dokar da ta tsara sassabin zamani ta kuma amince da haƙƙin wanda ya raini iccen. Daga 1983 zuwa 2020 shekara 37 ke nan.

Ina yawan tambayar kaina me imaninsa ya ƙara a wannan aiki, tun da dabarar ba ta da addini. Amsar da na samu ita ce zama. Mun ga ma'aikatan ayyukan raya ƙasa iri-iri, su zo da motoci farare, shekara uku kuɗi ya ƙare su tafi, allon da suka kafa ya yi tsatsa. Shi ya zauna shekara goma sha takwas, ya ji Hausa, ya ga an sare abin da ya yi wahala a kai, bai tafi ba. Mutumin da ke ganin Allah ne ya aiko shi ba ya lissafi da ƙarewar kasafin kuɗi. Wannan ba ya hana ni, a matsayina na Musulmi, sanin cewa burin ƙungiyarsa dabam ne da nawa. Sun zo neman mabiya, waɗanda suka samu a ƙasar Maraɗi kaɗan ne, amma iccen da suka taimaka aka raya ya cika gonakin Musulmi. Yadda za su lissafa ribarsu, wannan tsakaninsu ne.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ba da labarin a waje. In ka karanta jaridun Turai sai ka ɗauka mutum guda ya dasa Nijar. A ƙasar Damagaram, yankin Mirya da Magarya da Matamai, manoma sun cika gonaki da gawo ba tare da wani ɗan mishan ya je masu ba. Can dama akwai tsohon tarihi: ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani kan duk wanda ya sare gawo. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, mutanen gari ne suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, har da mata da makiyaya a ciki. Kuma ƴan cin rani da suka ga abin a wani gari suka kai shi nasu, ba wanda ya rubuta sunayensu. A gaskiya shi Tony yana faɗin cewa aikin na manoma ne. Masu ba da labarin ne suka fi son fuska guda, kuma fara.

Abin mamaki, kusan shekara ashirin ba wanda ya san girman abin, har gwamnati a Yamai. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masu bincike, cikinsu akwai Chris Reij ɗan Holan, Gray Tappan na Amurka da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, suka gwada hotunan sama na 1975 da na sabon zamani, suka kuma taka ƙasa. Suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Wani ƙiyasi na 2009 ya ce hakan na ƙara wa ƙasa tan 500,000 na hatsi a shekara. Wannan adadi na ƙarshe wasu masana na ganin an yi masa gishiri, ni ma ba na rantsuwa a kansa. Abin da na gani da idona shi ne 2005, shekarar da yunwa ta sake kama Maraɗi. Ba mu tsira daga wahala ba, amma Baba ya sare rassa ya kai kasuwa ya auno hatsi, Inna ta sayar da ƴaƴan gawo ga masu dabbobi. A 1984 ba mu da ko wannan.

Tony ya bar Nijar a 1999 ya koma ƙasarsu, ya shiga ƙungiyar World Vision, ita ma ta Kirista ce. Daga nan aikinsa ya koma na yawo da lallashi: ya kai dabarar Humbo a Habasha, inda tsaunuka suka sake yin daji, sannan ƙasashe fiye da ashirin. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekara guda da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar ramukan da mu muke kira tassa. Na ji daɗin wannan haɗi, don aƙalla an tsayar da manomi baƙar fata a kan dandali guda. Ba a samu wani daga Maraɗi ko Damagaram a wurin ba.

Yanzu matsalar ta sauya kama. Da icce ya zama kuɗi sai ya samu ɓarayi, musamman gonakin da ke kusa da birni, inda buhun gawayi ke tsada. Makiyayi da ya saba kakkaɓe gawo kyauta da rani yanzu sai ya tarar da mai gona tsaye, kuma ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Matan da suka fi kowa wahala a kan icce, da yawansu ba su da gonar da za su ce tasu ce. Wanda ya yi aron gona ko ya karɓi jingina ba ya raino, don mai gona na iya ganin yana neman kafa hujjar mallaka. A wajen Madarunfa da Gidan Runji kuma akwai gonakin da ƴan bindiga suka hana a je, balle a yi zancen gyaran toho.

Gonarmu da ta ciyar da gida guda yanzu ta kasu bakwai. A ƙarshe an daidaita cewa gawo uku da suka faɗo kan iyaka na yayarmu ne, ko da ƙasar da ke gindinsu ta ƙanenmu ce, malam ya rubuta, mai gari ya sa hannu. Watan jiya ƙanen namu ya kira ni ya ce rassan ɗaya sun yi yawa, yana so ya rage, ita kuma ta ce kada ya taɓa sai ƴaƴan sun nuna ta kakkaɓe. Na ce su dakata har in zo hutun makaranta.